Aku da Hayaƙin Inna

A gidanmu na tsohon garin Agadas akwai aku mai jar wutsiya, sunansa Tanko. Kakanmu ne ya zo da shi daga Kwatano lokacin da yake tuƙin kamiyo, babbar motar kaya. Kakan ya rasu ina ƴar shekara huɗu, amma muryarsa ba ta bar gidan ba, don Tanko ya haddace ta tsaf. Da safe sai ka ji tari irin na tsoho, sannan: "Hajo, shayin fa?" Kaka Hajo kuwa ta amsa daga ɗaki, "Yana tafe, sarkin gaggawa!"

Wata shekara da sanyi Tanko ya kama girgiza kai. Ba irin wadda muka saba ba, ta sama da ƙasa in ya ga dabino a hannu. Wannan gefe da gefe ce, da atishawa, hanci a jiƙe. Ya daina magana ɗungurungum. Inna, mahaifiyata, ta ce baki ne, baƙi sun yaba shi ba su ce tubarkalla ba. Ta ɗauke kejinsa ta kai ɗakinta, ta rufe taga, ta riƙa yi masa turare safe da yamma a kasko. Allah ya sani, don ƙauna ta yi. Abin sai gaba yake.

Kaka ta gani, amma ba ta iya kwaɓar surukarta gaban ƴaƴa ba. Ran nan bayan magariba, mun ci tuwo mun kewaye wuta a tsakar gida, Inna na gefe tana tsintar shinkafar gobe, Kaka ta gyara zama.

"To, ga ta nan tafe."

"Ta iso mu ji!"

Ta ce an yi wani maƙerin azurfa, gwanin gaske, yana da aku da yake so har ba ya iya rabuwa da shi, sai ya rataye shi cikin maƙera daidai kansa. In ya gama zobe ya ɗaga ya nuna masa. Aku ya girgiza kai. Maƙeri ya ce, "Af, bai yi ba ke nan!" Ya narke zoben, ya ƙara gawayi, ya danna zugazugi. Ya sake nunawa, aku ya sake girgiza kai. Nan Kaka ta murtuke fuska tana kaɗa kai, ɗankwalinta na zamewa, mu kuwa dariya har da faɗuwa.

Kwana bakwai maƙeri na narkewa yana sakewa, ya rame, aku ya fi shi ramewa. Sai wata Buzuwa mai tallar cuku ta leƙo. Ko sallama ba ta gama ba idonta ya cika da hawaye saboda hayaƙi. Ta ce, "Kai maƙeri, mi wannan tsuntsu ya yi maka ka ke gasa shi da rai? Ba aikinka ya ƙi ba. Ni mai babban ƙirji na kasa numfashi a nan, bale shi mai huhu kamar ƙwayar gyaɗa." Maƙeri ya kai shi inuwar bagaruwa, ya yayyafa masa ruwa, kwana uku aku ya warware.

"Iyakarta ke nan," in ji Kaka. "Kowa ya wanke hannu."

Ƙannena suka tashi suna kwaikwayon maƙeri. Ni na saci kallon Inna. Hannunta ya tsaya cikin faifai.

Da gari ya waye muka tarar da keji a rataye ƙarƙashin rumfa, an goge shi, an sa ruwa sabo. Ba wanda ya tambayi wanda ya fito da shi. Atishawar ta ragu, kan ya natsu. Rana ta biyar, Kaka na alwala, muka ji tarin nan. "Hajo, shayin fa?" Buta ta kuɓuce mata. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce, "Ja'iri, ka dawo!"

Yau ni ma'aikaciyar jinya ce a gidan likita. In uwa ta kawo yaro yana tari, kafin magani ina tambaya a hankali, mi ake ƙonawa a ɗaki? Ba a lakwal, wato makarantar boko, na fara koyon wannan ba, kuma ina alfahari da faɗin haka ko gaban wa. Kakata ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma ta karanci kan tsuntsu, ta kuma san yadda za ta gyara mutum ba ta kunyata shi ba.

Na daɗe ina zaton Inna ba ta so a tuna maganar. Sai ranar da aka yi sadakar bakwai ɗin Kaka, muna wanke kwanoni, ta ce mini, "Kin tuna maƙerin nan? Ni ce. Tun da ta ambaci zugazugi na gane." Ta share ido da bakin zane. "Shekara ashirin da biyu muka ƙara tare a gida ɗaya, ko sau ɗaya ba ta ce mini ke ce ba."