Ledar Gilashin Motar Ƙanena

Ranar da masana za su zauna rubuta tarihin kwarin Rima, na san za su cika littafi da madatsar ruwan Goronyo, da injiniyoyi, da albasar da ta gina wa mutane gidajen siminti. Ni kuwa na yi imani cewa ginshiƙin da ya riƙe mutunci da tsarin girma tsakanin Wurno da Goronyo shi ne babban yatsan hannun dama. Na san abin da nake faɗi, domin nawa yatsan ya yi wannan hidima shekara da shekaru, ba albashi, ba fansho.

Ga wanda bai san hanyarmu ba, bari in yi bayani. Tun zamanin da tifofi ke jigilar dutse zuwa wurin aikin dam, hanyoyinmu suka saba da tsakuwa. A zuba ta da niyyar kwalta, kwalta ta yi nawa, tsakuwa ta zama 'yar gari. In babbar mota ta gifta ka, sai tayarta ta tsinci ɗaya ta harbo, ita kuwa ba ta san masauki ba sai gilashin gaba. Mutanenmu suka samo magani. Da an hango tifa tafe, wanda ke zaune gidan gaba zai miƙa hannu ya danne gilashin da babban yatsa har ta wuce. An ce hakan yana hana shi tarwatsewa. Direba hannunsa na kan sitiyari, saboda haka aikin na wanda ke gefensa ne. Ba a ba yaro, ba a ba mai gyangyaɗi. Kujerar ta babba ce, aikin ma na babba ne.

Abokin aikina a makarantar da nake koyarwa a Wurno, wani Kirista mutumin Zuru mai koyar da kimiyya, ya sha gaya mini cewa babu wannan a littafi.

"Malam, dutse bai san yatsanka ba," in ji shi.

Amma na taɓa shiga motar haya da shi zuwa Rabah, shi ke gaba, tifa ta taho, na ga ya dafa gilashi da tafin hannu gaba ɗaya.

Motar da nake magana a kanta ta ƙanena ce, autan Innarmu. Ni na kai shi makaranta, a ɗakina ya girma, da tsofaffin rigunana ya yi samartaka. Boko bai karɓe shi ba. Da noman rani ya buɗe sai ya shiga cinikin albasa, daga nan ya fara samun 'yan kwangilolin yashe magudanan ruwa. Ya je Makka, ya sayi mota, ya koma birni. Duniya ta koma kiransa Alhaji, ni da Inna muka tsaya a kan Auta.

Duk ƙarshen mako yakan biyo ta Wurno ya ɗauke ni mu je Rimawa gaida Inna. Da kansa yake fitowa ya buɗe mini ƙofar gaba. Albashina ba zai sayi tayoyin motar nan ba, shi ya sani, ni na sani, dattawan da ke zama ƙofar gidanmu sun sani. Amma in muka tsaya, wanda ya fito daga gidan gaba shi ake fara miƙa wa hannu. Sai ka ji an aika cikin gida ana cewa Malam da ƙanensa sun iso. A duk harkokin duniya Auta ya riga ya wuce ni. Wannan kujera ce kaɗai wurin da aka ci gaba da lissafi da wanda aka fara haifa. Ni kuma ban zauna a banza ba. Tifa ba ta taɓa samuna ina barci ba, gilashin kuma bai taɓa tsagewa ba.

Wata Asabar ya iso yana murmushi tun daga nesa.

"Yaya, ka ga abin da anka yi ma gilashin ga?"

Na duba sama, na duba ƙasa. Na ce ban ga komi ba.

"Yo ai shi ne kyawonta! Wata leda anka manna mai, hwara tas. Wani ɗan Kano ka sa ta. Ko dutse ya hwaɗo, ita ka shanye shi."

Daga nan ya shiga karanto mini dokokinta. Ba a wanke ta da omo. Ba a goga mata tsumma mai kaushi. Ba a barin ta ta yini cikin rana, har rumfa ya sa an yi mata. Akwai wani ruwa na musamman cikin kwalba da ake fesa mata, da ƙyalle mai laushi kamar kunnen zomo. Yaron da na yi shekara ina fama ya haddace jadawalin sau bakwai, yau ga shi yana zubo hadda ba tuntuɓe. Na ce masha Allah.

Mun ɗan fita Wurno sai ga tifa. Ban ma yi shawara da hannuna ba, shi ya tashi da kansa.

"Yaya! Ɗauke hannu!"

Tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na janye kamar na taɓa garwashi.

"Mi na yi?"

"Ledar za ka ɓatawa. Mai ita ya ce ba ta son danni. Yatsa na bar mata tambari, sai iska ta shiga ta yi ƙuraje. Dut aikin ya lalace."

Na ba shi haƙuri, na sa hannuwana tsakanin gwiwoyi kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Amma hannu yana da nasa karatun. Kafin mu kai Goronyo ya sake tashi. Wannan karon sai Auta ya zaro hankici daga aljihu, yana tuƙi da hannu ɗaya, ya miƙo ta gabana ya goge wurin da yatsana ya taɓa. Ya daɗe yana gogawa.

Mako na gaba da ya tsaya ƙofar gidana, akwai mutum a gidan gaba. Wani jami'i ne daga ofishin da ke rabon filayen noman rani, saurayi mai ƙamshin turare, ko Auta ya girme shi. Auta bai fito ba, ta taga ya leƙo.

"Yaya, yau ka huta baya. Hannun ga naka ba shi jin magana, ita kuwa ledag ga ba ta son taɓi. Ranka ya daɗe bai saba da dannawa ba."

Ranka ya daɗe ya gaishe ni ta madubi. Na shiga baya, na zauna tsakanin buhun taki da jarkar man gyaɗa.

Na yi ta lallashin kaina a hanya. Ni ne mai tsayawa gaban yara ina gaya musu cewa zamani yana ci gaba, fitila ta kori aci-balbal, famfo ya kori guga. To, ga leda ta kori yatsa. Da wane baki zan yi gardama? Magana ce ta fasaha, na ce da zuciyata, ba ta raini ba.

A Rimawa dattawa suka miƙe suka yi wa baƙo barka da zuwa, suka tambaye shi iyali, suka tambaye shi yaushe za a saki ruwa. Ni ina kokawa da buhun taki don in sami hanyar fita. Inna ta gani ta ƙofar zaure. Da muka shiga ta ce,

"Malam, mi ya kai ka baya awa kaya?"

"Inna, leda anka sa ma gilashi."

"Leda? Irin wadda aka ƙulla gishiri?"

Ta juya ga Auta. "Kai, yayanka na baya kana gaba?"

"Inna, abin zamani na, ba za ki gane ba."

Da aka kawo fura sai Inna ta tura mini babbar ƙwarya, ta ce in ƙara nono. Haka take yi mana muna yara, in an doke ɗayanmu a waje.

Daga ranar gidan gaba ya zama masaukin baƙi. Yau jami'i, gobe wani dillalin albasa na Gandi, jibi ɗan siyasa. Allah ya yi su duka da hannuwa masu ladabi. Wata rana ƙuda ya sauka a gilashi, dillalin nan ya kai masa mari da tafin hannu, har sai da motar ta amsa. Auta ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ka kashe shi ko ya tsira?" Ni daga baya na yi wa abin tawili, na ce mari na ɗan lokaci ne, danni kuwa yana daɗewa, ai akwai bambanci. Mai ilimi ba ya rasa hujjar da zai yaudari kansa da ita, amfanin karatun ke nan.

Sannu a hankali sai ya zamana wani makon mota ta cika, wani makon yana sauri. Na koma shiga motar haya, inda ake cusa mutum biyu a gidan gaba, kuma ba mai tambayar wa aka fara haifa.

Ita kuwa ledar, duk da rumfa da ruwan kwalba, zafin bazarar Sakkwato bai ƙyale ta ba. Ta yi ja kamar haƙoran mai cin goro, ta dushe. Sai na ji labari ɗan Kanon nan zai zo Goronyo ya yi wa wasu manya aiki, har da Auta, a sabon gidan da ya gina can. Na yi wani tunani wanda har yau in na tuna shi sai in ji kunya. Na ce zan je in tambayi mutumin ko akwai wata irin leda mai jure yatsa. In ta fi tsada, ni zan cika daga aljihuna. A sa ta, hujja ta ƙare, in koma kujerata.

Na isa da hantsi. Motar na cikin gareji, an yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Auta ya ce, "A'a, Yaya, kai ne?" ya sa aka kawo mini kujerar roba. Na zauna ina jiran mutumin ya sami sarari in yi tambayata.

Mai aikin ba shi da surutu. Ya kama tsohuwar ledar daga kusurwa ya yi ta ja a hankali har ta fita, ya jefar. Ya kankare sauran gam da reza, ya wanke gilashin, ya sake wankewa. Ya shimfiɗa sabuwar, ya bi ta da injin hura zafi har ta kwanta ta ɗauki lanƙwasar gilashin. Ya fesa ruwa mai santsi, ya ɗora ta, ya sa wata 'yar roba mai faɗi yana korar ruwan daga tsakiya zuwa gefe, yana danna ta da iyakar ƙarfinsa. Ya bi gefuna da reza ya daidaita. Wani lokaci yana tsaye kan benci, wani lokaci yana kwance rabin jiki a kan bonet. Auta na gefe yana ce mini, "Yaya, ka ga aiki ko?"

Na ce na gani. Ban yi tambayata ba.

Tun daga farkon aikin har ƙarshensa ƙofofin motar a kulle suke, makullin yana aljihun Auta. Ledar ta bayan gilashi ake manna ta, ta wajen mota, ba ta ciki inda yatsa ke sauka ba.