Fuskar Yaya a Cikin Kwamfuta

Ba a kawo mana gawar Yaya ba. A ƙasar da ya tafi ƙaro karatu ya rasu, can aka yi masa sutura, mu kuma muka zauna karɓar gaisuwa a Dutsen Kura ba mu ga ko likkafaninsa ba. Bayan wasu watanni kayansa suka iso: littattafai, wata rigar sanyi da babu mai iya sa ta a zafin Minna, da kwamfuta. Wanda ya haɗo kayan ya ce hotunansa na ƙarshe suna cikinta. Mu hoton da muke da shi a gida tun na gama sakandare ne, ko gemu bai fara ba.

Shi ne ɗan farin Inna, ita kuwa ta riƙe alkunya da gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, "yayanku" kawai take cewa. Ranar da zai tafi ma tana tsintar shinkafa ta ce masa Allah ya kiyaye hanya, ba ta ɗago ba. A zaman makoki maƙwabta suka yi ta yaba haƙurinta, ni kuwa haushinsu nake ji. Ni nake kwashe kwanonta, na san rabonta da cin abincin kirki.

Ni ce gwanar kwamfuta a gidan, in dai buga takardun ɗalibai a wani shago a Bosso gwaninta ce. A ƙarshen shekarun casa'in ɗin nan hakan ma abin taƙama ne. Kwamfutar ta sha wuya a hanya, ta ƙi tashi, sai da mai gyara ya sake zuba mata tsarin aikinta. Da na dawo da ita sai na buɗe hoton farko. Ga siffar mutum a tsaye, amma fuskar ta zama dabbare-dabbare, kore da ja da ruwan toka, kamar atamfar da ta yi zuba. Na rufe da sauri.

Inna ta zo wucewa ta bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"An ce yayanku yana cikin akwatin nan?"

"Yana ciki, Inna, amma bai fito da kyau ba."

"To, ai ba sauri."

Haka ta ce. Amma daga ranar, matar da ba ta taɓa damuwa da lantarki ba ta koma tambaya ko an kawo wuta.

Na je wurin aminin Yaya, wani malami a jami'a da suka taso tare. Mutumin bayan Chanchaga ne, irin Hausarsa kowa namiji ne a bakinsa. Ya ce hotunan lafiyarsu lau. A cikin kwamfutar akwai wani kati da ke fitar da hoto a allo, shi ne ya rasa direbansa, wato umarnin da ke sa shi aiki daidai. Ya ce in cire waya daga bango, in buɗe murfi, in kwafo masa rubutun da ke jikin katin, don in aka sa wanda ba nasa ba allon na iya yin baƙi. Na kai masa, ya nemo direban a faifai.

"Ƙanwata, abin nan ba ya son gaggawa," in ji shi. "Ka kwashe hotuna a faifai tukuna. Kuma kar wuta ya tafi kana cikin yi."

Na roƙe shi ya zo ya yi da kansa. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya ce shi ba zai iya ganin fuskar nan yanzu ba. Ban sake roƙonsa ba.

Ban taɓa yin irin aikin ba, kuma tsoro nake ji sosai. Na sayi faifai na kwashe hotunan ɗaya bayan ɗaya, na je shagonmu na gwada su don in tabbata sun shiga. Damina ce, da an ga hadari ake ɗauke wuta, don haka na je aron janareta wurin telan layinmu. Ya ce ba ya ba da aro, da ya ji dalili sai ga shi ya turo ta da kansa.

Ranar Asabar da hantsi na zauna. Na yi bismilla, na sa faifan direban, na bi tambayoyin ina karanta kowace sau biyu kamar mai jarrabawa. Can kwamfutar ta ce sai ta mutu ta sake tashi. Na danna, allo ya yi baƙi ƙirin. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, na dai san na dafe bakin tebur ina cewa na shiga uku, na ɓatar da shi. Sai haske ya dawo.

Na buɗe hoton. Ga Yaya. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana dariyar nan tasa ta gefen baki. Na yi kuka na ƙoshi, na wanke fuska, sannan na kira Inna.

Ta shigo ta zauna a kujerar, idonta a kan tabarma.

"Jeki ki duba tukunyar nan," ta ce.

Babu tukunya a wuta. Na fita na ja mata labule, na zauna a tsakar gida kusa da janareta. Na daɗe ban ji motsinta ba. Da na leƙa, sai na ga allon ya yi baƙi. Haka yake yi in an jima ba a taɓa shi ba. Ita kuwa tana zaune a gabansa, hannuwa a kan cinya, kunya ta hana ta kira ni.

"Ya tafi," ta ce a hankali. "Ban gama ganinsa ba."

Na matsa na motsa maus, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur. Nan take ya dawo yana dariyarsa. Ta kau da kai saboda ina wurin. Can ta miƙo mini hannunta na dama, ba ta dube ni ba.

"Nuna mini inda ake taɓawa," ta ce, "sai ki fita."