Mai Takaba a Ƙofar Baya

Ni ce na fi kowa ɗaga murya a kan a saka kyamara a gidanmu na unguwar Nima, a Accra. Ɗaki goma sha huɗu, famfo ɗaya, ƙofa biyu, ga ɓarawo ya mayar da mu gonarsa: yau tukunyar gas, gobe wayar da aka bari a caji. Ranar da aka ɗauke min dutsen guga na tsaya a tsakar gida na zage kowa tas, har da waɗanda ba a haifa ba. Hajiya mai gida ta kira ɗanta da ke Turai, ya aiko da kyamara biyu, aka kafa ɗaya a ƙofar gaba, ɗaya a ta baya mai fita lungun kwata. Hajiya ba ta san komai a waya ba sai amsa kira, ni kuma wuni nake a kan keken ɗinki, sai aka haɗa abin da wayata. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. An ba kura ajiyar nama.

Ɓarawo dai ba mu taɓa kama shi ba. Amma na san mai zubar da ruwan wanki a ƙofar wata, na san mijin da ke ɓoye ledar tsire a cikin riga don kada ya raba da kowa.

A ɗakin ƙarshe akwai wata baiwar Allah 'yar Nijar, mai suyar masa, matar ɗan ƙanin Hajiya. Mijin direban trotro ne, motar haya, tsakanin Nima da Circle. Ya yi ta ramewa har ya rasu, aka ce taifot ne. Ta shiga takaba. A gidanmu mai takaba ko bakin zaure ba ta takawa har wata huɗu da kwana goma su cika, mu mata ne ke kai mata abinci bi da bi, a kwano mai murfi. Ni ma ina kaiwa ranar Laraba, kuma ba ta taɓa yi min komai ba sai godiya.

Wata Talata ina mayar da hoton baya don neman zanena da ya ɓace a igiya, sai na gan ta. Da hantsi ne, maza sun fita aiki, mata sun tafi kasuwa. Ta leƙo, ta duba dama da hagu, ta ja niƙabi ta fice ta ƙofar baya. Ba ta dawo ba sai dab da azahar, da wani abu a ƙunshe a gefen mayafi. Na koma watan da ya wuce, na sake samunta, ita ma Talata. Sai na yanke wurin na tura wa guruf ɗin matan gida, na rubuta a ƙasa: "Takabar zamani." Ba don tsoron Allah na yi ba, ba don mamaci ba. Daɗin zama mai kawo labari ne ya ɗebe ni.

Kafin la'asar hoton ya kai unguwannin Maamobi da New Town. A hanya aka ƙara masa namiji, aka ƙara masa otel a Circle, har da masu rantsuwa sun san motar mutumin.

Hajiya ta tara mu a tsakar gida, aka kira mai takabar, aka ce in ɗaga waya kowa ya gani. Na ɗaga.

"Ke, ba ki da kunya kraa, ko kaɗan?" in ji Hajiya. "Yarona ƙasa bai bushe a kansa ba, kina yawo. Ina kika je?"

"Gwaggo, ki yi min rai mu shiga ɗaki in faɗa miki ke kaɗai."

"Ɗaki? Nima duka ya gani. Nan za ki faɗa, ko yau ki kwashe kayanki."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta fi daɗewa a kaina. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da farar robar magani, ta ajiye a kan siminti.

"Asibiti nake zuwa karɓar wannan, wata-wata. In na fasa, zan bi shi. Ƙanjamau ne ya kashe ɗanku, ba taifot ba. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, na rufa. Yanzu kun buɗe da hannunku."

Ba wanda ya ce mata sannu. Matar da ke kusa da robar ta janye ƙafa. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce ƙarya ne, daga ƙasarsu ta kwaso ta shafa wa yaron mutane. Na san ba haka ba ne, don na san direban da halinsa, amma na yi gum da bakina, ni da na iya zagin gida guda a kan dutsen guga.

Daga ranar aka daina kai mata kwano. A leda ake ƙulla abincin a rataye a ƙusar ƙofarta. Da Larabata ta zagayo, ni ma a leda na kai. Aka ware mata buta, aka ce ta riƙa ɗibar ruwa bayan kowa ya gama. Saura kwana goma sha ɗaya takabarta ta cika Hajiya ta ce tana bukatar ɗakin. A waya na kalli fitarta ta ƙofar baya, da jakar buhu a ka da kaskon masa a hannu. Ba ta da kowa a Accra, kuma har yau ban san inda ta nufa ba.

Ɗakin ni aka ba, na mayar da shi shagon ɗinki, kuma ban ce a'a ba. Ranar da nake shara na ɗaga ledar ƙasa a bayan ƙofa, na sami rami cike da robobin magani da suka ƙare, nata da na mijin. Kowace ɗaya ta bi ta da wuƙa ta kankare takardar jikinta fes, don kada wani a gidan ya karanta.