Numfashin Ladanmu

Bana shekara huɗu ke nan da rasuwar Malam Haruna, ladan masallacinmu na wani ƙauye kusa da 'Yargoje. Ya rasu a shekarar da aka yanke mana layukan waya daga Kankara har Sabuwa, shi ya sa ɗansa Lawal, direba a Kaduna, bai ji ba sai bayan an yi sadakar uku.

Tun muna makarantar allo nake tare da shi. Murya Allah Ya ba shi: in ya ja kiran asuba, Fulanin da ke bayan rafi da ita suke tashi. Da bazarar shekarar da ya rasu ya faɗo daga kan amalanke, kafaɗarsa ta dama ta goce, na raka shi wani asibiti a birni. Aka yi masa allurar kashe zafi a gefen wuya, aka yi aiki, kafaɗa ta gyaru. Sai numfashi ya ƙi.

Likitan da ya sallame mu ya yi mini bayani a tsaye. Ya ce jijiyar da aka kashe maƙwabciya ce ga wadda ke motsa faffaɗan naman da ya raba ƙirji da ciki, wanda ke jawo iska kamar zugazugin maƙeri. Ga yawancin mutane yakan farfaɗo kafin gari ya waye. Na Malam Haruna bai farfaɗo ba, kuma huhunsa na hagu tsohon tarin fuka ya riga ya cinye shi. Ba wanda ya tambaye shi wannan kafin allura. An dai ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Me kuma dattijo zai ce?

Muka dawo gida yana barci a zaune, sujada tana shaƙe shi. Ranar da ya gwada kiran salla, muryar ta yanke a tsakiya, na'ibinsa Malam Isiyaku ya karɓa ya ƙarasa. Wannan taimakon ne ya zama laifinsa. Kafin mako ya zagayo, gari ya gama yanke hukunci: Isiyaku ya yi asiri don ya gaji lasifika. Na faɗi abin da likita ya ce har bakina ya gaji. Amsa ɗaya nake samu: "Haba Malam, mi ya haɗa kafaɗa da numfashi?" Shi kansa mara lafiyar ya yi ta musantawa, amma wa zai saurari mutumin da ba ya iya haɗa kalma biyar?

Da damina sanyi ya kama ƙirjinsa, rai ya yi halinsa. Da Lawal ya iso, a gaban jama'a ya nuna Malam Isiyaku da yatsa ya ce, "Ka samu abin da kake so." Tun ranar bawan Allahn nan bai sake taɓa lasifika ba. Sahun baya yake salla, ya fita kafin a shafa. Da marigayi zai leƙo ya ga yadda aka yi da sunansa, na san ciwon da zai ji ya fi na ƙirji.

Watan jiya Lawal ya kai maigidansa aikin kafaɗa. A gabansa likita ta tambayi mutumin ko yana da ciwon huhu, ta bayyana abin da allurar wuyan kan iya yi wa numfashi. Tambayar da ba ta kai tsawon alwala ba, ita aka hana abokina.

Ranar Juma'a Lawal ya iso gari. Ana jiran la'asar ya ratsa mutane har sahun baya, ya durƙusa. "Baba Isiyaku, a gaban jama'a na zalunce ka, a gabansu nake roƙo."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Ubanka bai taɓa zargina ba, wannan ya riƙe ni. Tashi, na yahe."

Lawal ya ɗauko makirfon ya miƙa masa. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma ya kai kiran har ƙarshe. Waɗanda suka ƙulla maganar suna zaune cikinmu, ba wanda ya ɗaga kai.

Allah Ya jiƙan Malam Haruna, Ya yalwata masa kabarinsa.