Fakon da Isuhu Ya Ce Na Kakansa Ne

A duk shekarun da na yi ina aikin gyaran ƙasa, akwai wata Talata da har yau ba ta bar raina ba. Ku sababbin shugabannin ekip, wato rukunin masu aiki, kuka ce in ba ku labari. To, ga shi. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, ba zan ƙawata ba.

Garinmu yana ƙasar Tajaye. Gabas da gari akwai fako, wato tudun da ƙasarsa ta mutu ta yi tauri kamar daɓe. Ruwa ya sauka a kai ya wuce. Ko akuya ba ta tsayawa. Tun ina yarinya ban ji wanda ya ce nasa ne ba.

Furoje, wato shirin gyaran ƙasa, ya zo da aikin rabin wata. Ga wanda bai sani ba, rami ne mai siffar rabin faifai, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa. Ƙasar da aka haƙo a tara ta a bayansa ta zama ganuwa, ta tare ruwa. Injiniya ke zana wurin da igiya. Mai kiran suna ya rubuta wadda ta zo. Kowace mace rami uku a yini, a biya ta. Ni ce shugabar ekip, mata arba'in a hannuna. A samana akwai Madam Zalika, mai wayar da kai, wadda buro, ofishin furoje, ya turo daga Tawa.

Mata zalla muke, don da an gama girbi maza sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Nawa ya tafi haka wata shekara. Bai dawo ba, bai aiko ba.

Watannin nan ina tuna su kamar barcin rana. Da hantsi fako yakan yi kawalwalniya, in ga matana can nesa kamar a kan ruwa suke tafiya, diga a kafaɗa, ƙafafunsu ba su taɓa ƙasa. Da mai kiran suna ya tafi, babu muryar namiji ko ɗaya. Mu ke yanke wadda za ta huta, mu ke raba faɗa. In rana ta take mu zauna gindin aduwa ɗaya tilo da ke wurin, Madam ta yi ta magana.

"Inna Habsu," takan ce mini, "ba mugun miji ɗaya ne damuwar ba. Ginin ne gaba ɗaya. Gona tasu, fada tasu, tampon da ake buga wa takarda nasu. Lokacin zaɓe a ba ku zane ku yi guɗa. Ko an ba mace kujera a majalisa, mai shiru suke zaɓowa. Abin nan ba gyara yake so ba, rushewa yake so."

Kulu, mai bakin ekip ɗinmu, ta ce, "Madam, a rushe har da nawa? Bar min shi, shi ka kawo sabulu."

A yi dariya. Ni nakan rufe ido in ga gari a saman fakon, da rumbuna da rijiya, kowace ƙofa da sunan mace. In buɗe ido in ga tsakuwa.

Ruwan farko da ya sauka, muka hau da safe. Kowane rami ya riƙe ruwa, kowane ruwa ya riƙe guntun sama. A shekara ta uku muka kwashe gero da wake a inda akuya ba ta tsayawa.

Daga nan fako ya sami kaka. Wani Isuhu, da ya dawo daga Abijan gab da damina, ya ce tudun na kakansa ne, shi da 'yan uwansa za su noma. Kuskurenmu shi ne babu takarda. Da za mu fara, baki kawai Maigari ya buɗe ya ce, "Ku je ku haƙa." Furoje bai nemi ƙari ba, ni ma ban san a nema ba.

Aka kira kwamitin filaye na gari ranar Talata. Shi ne mai shaida maganar gona: Maigari, liman, wakilin manoma, wakilin makiyaya, wakiliyar mata da sakatare. Tsofaffi biyu suka ce sun ji kakan Isuhu ya taɓa shuka a can. Maigari ya ce ke nan aro aka ba mu, kuma mai abu ya zo.

Madam ta miƙe. Ta yi magana mai tsawo kan gumin mata da mulkin maza. Suka bari ta gama. Sannan wani dattijo ya ce, "Madam, wa ke aurenki?"

Na dubi Maigari na ce, "Ranka shi daɗe, aro ka ce?"

"Awo, aro."

"In na ari turmi, yaya zan maido shi?"

"Yadda kika ɗauke shi, Habsu."

Na ce, "To."

Na biya gida na ɗauki diga na hau tudu. Ban kira kowa ba. Da na waiga na ga Kulu da mata wajen ashirin a bayana. Sauran ba su taso ba, mazansu na zaune a wurin. Gabas ta fara haɗa hadari.

Na je ramin da na fara haƙawa da hannuna. Na sara ganuwarsa, na tura ƙasar ta koma ciki. Madam ta iso da gudu ta riƙe mini hannu.

"Inna, shekara uku ke nan kike fasawa!"

"Ke kika ce ba gyara yake so ba."

Ta sake ni. Kuka take.

Na fasa na biyu, na uku. Ban ji zafin rana ba. Ƙarar digogi ta koma can nesa, kamar daka a wani gari. Ƙasar ta yi laushi, tana ƙamshi, har da saiwoyin wake na bara. Ina ji kamar ɗana nake binnewa, hannuna kuma bai tsaya ba.

Ina kan na bakwai maza suka iso. Isuhu na haki.

"Habsu, hauka kike? Mi wanga?"

"Kayanka nake maido maka."

Kulu taubashiyarsa ce, tana da damar faɗa masa komai. Ta miƙa masa shebur. "Karɓi, bawana. In mun gama sai ka haƙa sabo, kakanka shi taya ka."

Ya dubi shebur, ya dubi hadari. Bai karɓa ba. Ya san kafin ruwa ya sauka ba zai haƙa ko goma ba.

Maigari ya zo a bayan moto, wato babur, ya ce a dakata. A nan kan dutse sakatare ya rubuta. Saman tudu kyauta ne ga ƙungiyar mata, ba aro ba. Gangaren ƙasa, inda laka ta fi taruwa, na gidan su Isuhu. Na dangwala yatsa, liman ya yi addu'a.

Madam ta ce, "Sun ɗauke mai kyawun."

Na ce, "Na gani."

Ramukan da muka fasa mu muka sake gina su kafin Juma'a. Mai kiran suna bai rubuta mana su a aiki ba. Bayan damina aka mayar da Madam wani gari. Duk abin da ta faɗa gindin aduwa gaskiya ne, ban taɓa gaya mata ba. Matan da ba su hau tudu ba, su ma an yanka musu nasu. Ban riƙe su a rai ba. Na san gidan da za su koma.

Abin da aikin ya koya mini kaɗan ne. Kafin diga ta taɓa ƙasa, ku tara kwamiti ku tambayi mai wurin tun wurin yana matacce, a rubuta, a dangwala. A lokacin nan kowa kyauta yake bayarwa. Kuma kada wadda ta ɗaga diga kan abin da ta gina don ta ba da tsoro kawai. Maza sun san wasa in sun gan shi. Ni ranar nan, da Maigari bai zo ba, da na gama da tudun duka kafin ruwa. Sun ga haka a fuskata. Shi ya sa aka rubuta.