Filashin Ɗin Yaya

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama yayana, magana ta zame masa aiki. Mutum ne da a da in ya buɗe baki a majalisa ba mai samun wurin saka tasa, yanzu kuwa sai ya yi ta kokawa da kalma ɗaya har gumi ya karyo masa. Shi ya sa ya daina ɗaga waya. Ko ni na kira, sai dai ya zuba mata ido ta gama kukanta. Ba ya son a ji yadda muryarsa ta koma.

Shi yana Kausani, gidanmu na gado, ni kuma ina Sabon Gari a Wudil. Sai muka yi wata 'yar yarjejeniya. In ya idar da sallar asuba zai yi mini filashin, ta yi ƙara sau ɗaya ya katse. Ma'ana, na kwana, ina nan. Ni ma sai in mayar masa. Kati bai ƙone ba, baki bai wahala ba. Ni da na yi shekaru ina rakiyar shanu kudu, na kwana a tashoshin da ko sunansu ban riƙe ba, na zo na zama ba na iya shan kokon safe sai na ji wannan 'yar ƙarar.

Ana haka 'yata da ke aure a Kaduna ta zo ganin gida, ta ga tsohuwar wayata da aka ɗaure da kyauro, ta ce ina ba ta kunya. Ta kawo mini babba irin ta shafawa, da wani ɗan akwatin waifai mai ƙyafta ido, wai don in riƙa ganin jikokina. Ta zauna ta latsa nan ta latsa can, ta ce ta gyara mini komai, ta koma.

Da fari lafiya lau. Sai wata safiya na idar da salla, na zauna da waya a cinya har rana ta fito, shiru. Na ce sabis ne. Na yi masa filashin daga nan, na ji ta shiga, amma bai mayar ba. Washegari ma haka. Sai na kira matarsa, wadda tun tana amarya muke wasa da ita.

"Matata, lafiya maigidan naki ya yi mini yaji?"

"Kai ne dai ka yi mana, ɗan yawo. Kullum sai ya kira ka, kana katse shi tun kafin ta yi ƙara."

"Ni? Wallahi ko gilmawar sunansa ban gani ba."

"To ni in na kira ka da tawa tana shiga. Kamfani ɗaya, ɗaki ɗaya. Ya ce in tambaye ka, tasa ce ke da wari?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Daga nan na duƙufa a kan wayar. Na kashe na kunna. Na cire layi na goga a hannun riga na mayar. Na danna alamar jirgin saman nan na sake dannawa. Na fita ƙofar gida na ɗaga ta sama kamar mai nuna wa jama'a wata. Wani maƙwabcina ya ce ai waifai ne ke danne sabis, abu biyu ba sa zama a waya ɗaya. Na zare akwatin daga wuta, na shiga cikin wayar na goge sunansa gaba ɗaya. Filashin bai dawo ba, waifan kuma da na nemi mayarwa ya ce sai na faɗi kalmar sirri. Wace kalma? Na kira 'yata, tana wurin aiki, ta ce, "Baba, kashe ka kunna, zan kira ka anjima." Na rasa yayana, na rasa jikokina, duk da hannuna.

Na kai ta wurin mai gyara kusa da tasha. Ya kira ni da tasa, ta shiga. Ya sa na kira shi, ta fita.

"Alhaji, wayarka lafiyarta ƙalau. Can ƙauyen ne ba sabis."

"Matarsa fa tana samuna."

"To ko ya yi fushi ne bai kira ba?"

Na karɓi abata na tafi. A hanya maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma na fara tunanin haka. Ko dai ciwon ya taɓa masa hankali, yana danna wata lamba daban?

Da hantsi sai ga kiran matarsa. Wannan karon ba ɗan yawo, ba komai.

"Ka zo. Ya ture kokonsa. Ya ce ka gaji da shi, kuma bai ga laifinka ba."

Na hau babur ko hula ban canja ba.

Na same shi a zaure kan tabarma, ya jingina da bango, hannun da ya mutu yana kan cinya, ƙaramar wayarsa a gefe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da ka, idonsa a waje. Ya rame fiye da yadda na bar shi.

"Yaya, ga ni ga wayar. Don Allah kira ni, mu gani da idonmu."

Can ya ɗauki tasa da hannunsa mai lafiya, ya danna, ya kara mini a kunne. Ɗit ɗit ɗit, ta katse, daidai yadda take yi in mutum ya ƙi ɗauka. Tawa kuwa tana tafin hannuna, ko tari ba ta yi ba. Na ce ya sake. A na biyun ne na ga wani ɗan jan rubutu ya leƙo daga sama ya ɓace. Na ja shi ƙasa. Da Turanci ne, amma ɗan wanda na tsinta a Legas ya ishe ni: wai an tare mini kiran ɗan damfara.

Na kira 'yata nan take, na sa a bayyane kowa ya ji. Ta ce ita ta kunna wannan tsaron, saboda 'yan damfarar da ke kira su katse don a bi su. Wayar ta ga lamba ɗaya kullum tana ƙara sau ɗaya tana tsinkewa, sai ta jefa shi cikinsu. Ta gaya mini inda zan taɓa, na taɓa. Ta yi ta ba Baba Babba haƙuri.

"Ka ji ko, Yaya? Duk garin nan an rasa ɗan damfara sai kai. Kai da ko goro ba ka taɓa ci bashi ba."

Matarsa ta yi dariya daga bakin ƙofa. Na danna masa lambata da kaina, tawa ta ɗauki ƙara har kaji suka watse. Na zaci zai yi murmushi. Sai na ga yana haɗa baki, yana neman kalma. Muka jira.

"Ita... ta kore ni," ya ce. "Kai... ba ka zo ba."

Na buɗe baki in ce mai gyara, in ce waifai, in ce layi, na ga ba wanda zai shiga. Tsakanin gidana da zauren nan ko ruwan alwala ba ya gama bushewa a jiki, amma ni ina can ina goga layi a hannun riga.

Ya tura wayarsa da bayan hannu har gaban matarsa, ya yi mata alama ta ɗauke. Ta dube ni, ta ɗauka.

"Yaya, ai an gyara."

Ya girgiza kai. "In kana so... ka sani... ka zo."

Na ce to. Matarsa ta ɗumamo tuwo ta kawo. Ya ci loma kaɗan da hannun hagu, miya na zuba masa a gaban riga, na kai hannu zan goge ya kauce. Na zauna har la'asar ina ba shi labarin wani direba da ya taɓa mantawa da ni a Lokoja. Ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba. Da na miƙe zan tafi, ya kama bakin rigata ya ce, "Gobe?"