Harsasan da Na Cika wa Baba

Wata goma sha ɗaya na yi ina kula da wani tsohon Bature a Springfield. Kamfanin da ke tura mu gidajen tsofaffi ne ya ba ni shi. Aikina in yi masa wanka, in ba shi magani, in dafa masa abinci marar gishiri. Baba nake ce masa, yadda na saba kiran duk mai furfura tun ina zangon Kumasi, kuma bai taɓa hana ni ba. Ciwon karkarwa ne da shi. Ko cokali ya ɗauka, sai rabin miyar ta ƙare a ƙirjinsa.

A garejinsa akwai wani dogon tebur, an ɗaure masa injin matsi mai hannu, ga ƙaramin sikeli, ga gwangwanaye cike da kwanson harsashi. Tun yana saurayi, in ji shi, da kansa yake cika harsasan da yake farautar barewa da su. Da bindiga libarba yake farauta, wata ƙatuwa da ke kulle a akwatin ƙarfe. Sau ɗaya ya nuna mini ita, ban ko taɓa ba.

Wata safiya bayan ya karya ya ce, "Zo ki ara mini hannunki."

Na ce, "Baba, wannan ba ya cikin aikina."

Ya ce, "Ɗana ya yi alkawarin kai ni daji idan ganye ya fara zuba. Ban taɓa harbi da na kanti ba. Yanzu kike so in fara?"

Ya ɗago hannayensa suna rawa, ya zuba mini ido. Na ja kujera na zauna.

Shi ne ido, ni ce hannu. In goge kwanso, in juya shi a haske ko ya tsage. In sa shi a inji in ja hannun, in dasa sabon ɗan maɓallin da ke tayar da wuta a gindinsa. Wajen auna albarushi ba ya wasa. Yana duba wani tsohon littafi duk maiƙo, ni ina zubawa kaɗan-kaɗan har sikeli ya tsaya daidai. Kafin mu ɗora dalma sai ya leƙa kowane kwanso da tocila, kada a zuba wa ɗaya sau biyu. Ya ce dabba ba ta yi maka laifin komai ba, in za ka kashe ta, ka gama da ita da harbi ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin. A teburin nan kaɗai yake dariya. Ya ce ko matarsa marigayiya ba ta kai ni natsuwar hannu ba.

Ganye ya zuba, ɗan bai zo ba. 'Yarsa ce ta zo wata Asabar ba sanarwa, ta same mu a gareji, ina riƙe da mazurari, ɗankwalina duk ƙura.

Ta daka tsawa. "Me kike yi da albarushi a gidan ubana?"

Na ce, "Shi ya roƙe ni. Ga shi nan, tambaye shi."

Ta juya gare shi. "Gaskiya ne? Ka san abin da muka ce. Ka sake taɓa kayan nan, sai gidan tsofaffi."

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ban san me ya kawo ta nan ba. Na ji motsi ne na biyo ta."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da da safiyar nan na wanke wa jiki, na yanke wa farce. Na ajiye mazurarin, na wanke hannu a kicin, na ɗauki jakata.

A ofis shugabarmu ta sa ni na maimaita labarin sau uku. Ta tambaye ni ko na fita da wani abu daga gidan, ko akwai wanda ya aiko ni. Na gane inda ta dosa, idonta na kan ɗankwalina. Mako shida ina zaune a gida ana bincike. Mijina kuwa cewa ya yi, "Ke Musulma, a ƙasar nan, kika zauna kina haɗa harsashi?"

Daga baya suka maida ni aiki, wajen wata tsohuwa a wani dogon bene a Alexandria. Ba wanda ya ba ni haƙuri.

Cikin hunturu wata abokiyar aikina 'yar Nijar ta tare ni a tashar jirgi. Ta ce ai duk da haka sun kai Baba gidan tsofaffin, can take aiki ranar Lahadi. Wai kullum yana tambaya ina matar nan mai ce masa Baba.

Ta ce, "Ki je mana, ko don Allah."

Na ce mata ranar Lahadi nake wanki.